Ido Ba Mudu Ba Ne

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Maganar kasuwa ce, daga bakin ma'auna da masu sayen hatsi aka ɗauko ta, mutanen da kan dubi tarin gero su faɗi yawan tiyar da ke cikinsa tun ba a kai hannu ba. Sai dai in an zurfafa tunani, maganar ta wuce kasuwa, domin kusan duk abin da mutum yake yi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta bisa wannan ƙima yake yin sa. Manomin da ke sara da sungumi ranar shuka bai riƙe igiyar awo ba, amma ramukansa suna fita daidai wa daida, layi ya miƙe har iyakar gona. Mai dafa shayi yana ɗaga buta sama kamu guda ko fiye, ruwan ya sauko cikin ɗan ƙaramin kofi, ko ɗigo bai taɓa faranti ba. Mai aikin babbar riga yana shimfiɗa aska takwas bisa ƙirjin ƙyalle, kowace aska ta tsaya inda ya kamata. A garin Yama na jahar Tawa, magini Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ginin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Bakan gizo da hasumiyoyi irin nasa, ido da hannu ne ma'auninsu na farko.

Wannan baiwa ba ta da suna guda a Hausa, watakila don ba a cika raɗa wa abin da kowa ke da shi suna ba. Bari a kira ta awon ido: wato sanin inda abu yake, da nisansa, da girmansa, da inda ya fuskanta, da yadda yake zaune tsakanin sauran abubuwa. Awon ido dabam, ƙarfin gani dabam. Ƙwayar ido hoto kawai take ɗauka ta aika can ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke karɓar sa. Daga ƙeya kuma saƙon ya rabu hanya biyu, kamar yadda masana biyu na Amurka, Leslie Ungerleider da Mortimer Mishkin, suka bayyana a 1982. Hanya guda tana gangarawa gefen kai, wajen kunne, ita ce mai amsa tambayar «mene ne wannan?». Gudar tana hawa saman kai ta baya, ita ce mai amsa «ina yake?». Mutum yana iya kasancewa da ido garau, ya ga kofi ya san kofi ne, amma ya miƙa hannu ya kama iska, saboda hanya ta biyu ta soma rubzawa.

Sunayen da ake ba ruɗewar tsofaffi ba su hango wannan ba. A gida ana cewa gigin tsufa. A rediyo da jaridu ana cewa cutar mantuwa. Suna na farko ya ɗora laifin bisa shekaru, ya mai da abin kamar furfura, wadda ba a kai wa likita ƙararta. Na biyu ya koya wa iyali su zauna jiran alama guda tak, ranar da tsoho zai manta sunan jikarsa ko ya maimaita tambaya sau biyar. Gaskiya ne mantuwa ita ce kukan da aka fi zuwa da shi gidan likita a farkon cutar Alzheimer, kuma ba wanda zai yi gardamar haka. Amma ba kullum take shigowa gaba ba. Ko matar da aka fara bayyana cutar a kanta, Auguste Deter, wadda aka kwantar a asibitin Farankfot na ƙasar Jamus a 1901 tana da shekara 51, cikin abin da likita Alois Alzheimer ya rubuta game da ita har da cewa ta kasa gane hanya a cikin gidanta na aure.

In ana son ganin yadda awon ido yake zubewa, ba inda ya fi wurin mutumin da awon ido ne sana'arsa. William Utermohlen mai zane ne. An haife shi a birnin Filadelfiya na Amurka a 1933, ɗa tilo ga iyayen da suka yi ƙaura daga Jamus. Ya koyi zane a makarantar fasaha ta birninsu, ya ƙaro a Oksfod, ya zauna Landan daga 1962, ya auri Patricia, wadda ita kuma tarihin zane-zane ne fagen karatunta da koyarwarta. Shi mai zanen mutane ne kamar a kira su su amsa. Akwai wani zanen fuskarsa da ya yi da kansa a 1967, wanda duk mai ba da labarinsa kan fara nunawa: saurayi mai ƙwarin ido, kowace gaɓa ta fuska tana mazauninta, inuwa ta faɗi inda haske ya umurce ta.

Wajen 1990 zuwa 1991 yana cikin wani jerin manyan zane-zane na ɗakunan gidansa, matarsa da abokai zaune kewaye da tebur suna hira, kyanwoyi suna kai da kawo, launuka masu ƙarfi. Shi kansa in ya bayyana a cikinsu, can gefe yake, ba ya cikin hirar. Waɗanda suka koma suka duba zane-zanen bayan shekaru sun lura da wani abu: tebur ya karkato kamar kwanukan da ke kansa za su zubo, daɓen ɗaki ya tashi tsaye, mai kallo ya rasa ko daga sama yake leƙowa ko daga ƙofa. A nan ya kamata a yi hattara, domin masu zane na Turai sun daɗe suna karya ƙa'idar nisa da kusa da gangan, kuma abu ne mai sauƙi wanda ya san ƙarshen labari ya ga alamarsa a kowane layi. Abin da ba gardama a kansa shi ne abin da ke faruwa a gidan a waɗannan shekaru. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana ɗaura karabat a wuya sai ya tsaya gaban madubi da bakin ƙyallen biyu a hannu, ya rasa wanne ke bi ta kan wanne. Rubutun hannunsa ya lalace. Ya kan fita ya kasa gane hanyar komawa gida. A 1995, yana da shekara 61, likitoci suka ce cutar Alzheimer ce.

Ɗaurin karabat ya isa a tsaya a kansa, don ya yi kama da naɗin rawani. Ba a ajiye shi a ka kamar yadda ake ajiye suna ko lamba. Aiki ne na wuri: wannan baki ya bi ta sama, ya kewayo ta baya, ya ɓullo ta ƙasa. Wanda ya kasa shi zai ce «na manta», don ita ce kalmar da ke kusa da baki, iyali kuma su karɓa a haka. Alhali abin da ya ɓace shi ne taswirar da hannu ke bi.

Bayan an faɗa masa sunan cutarsa, ya yi babban zanensa na ƙarshe: shi kaɗai zaune a ɗakin aikinsa, ya dafa tebur, ya sunkuya, shuɗin sama yana leƙowa ta tagar rufi, ɗakin kuma wayam. Daga nan, da ƙarfafawar wani ma'aikacin jinya mai suna Ron Isaacs na babban asibitin ciwon ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da ke Landan, ya juya ga abu guda da bai buƙatar fita nema, wato fuskarsa. Shekara biyar yana zana ta. A na 1996 akwai fushi da tsoro, amma fuska ce. A na 1997 ya sa zarto kusa da kansa, bayan ya ji cewa sai an buɗe ƙwaƙwalwa bayan mutuwa ake tabbatar da cutar. A na 1998 kai ya rabu da kafaɗa, yana reto cikin katakon jingina zane. Na 1999 ya yi ta gogewa yana sakewa har fuskar ta zama dusu-dusu. Na 2000 da fensir ya yi shi, buroshi ya riga ya gagara: ƙoƙon kai ne, da tsaga a tsakiya, gaɓoɓin fuska sun bar mazauninsu. Daga baya sai da matarsa ta rufe madubban gidan, saboda abin da yake gani a ciki ya koma ba shi tsoro. Ya rasu a watan Maris na 2007.

A 2001, Sebastian Crutch da Ron Isaacs da Martin Rossor, waɗanda suka bi lafiyarsa, sun buga bayani a mujallar likitoci ta Lancet, inda suka jera zane-zanen kusa da sakamakon gwaje-gwajen da ake yi masa. Sauyin da ke bisa ƙyalle ya tafi tare da faɗuwar awon idonsa a gwaji, alhali marmarin yin zane bai mutu ba. Wannan shi ne abin da ya fi ciwo a labarin, kuma shi ya fi amfani ga mai jinya. Mutumin yana nan, ya san akwai abin da ya karkace a zanensa, ya kasa gano inda yake balle ya gyara. Wanda ya taɓa ganin tsohon tela yana warware ɗinki sau uku, yana zargin allura, yana zargin hasken ɗaki, ya ga irin wannan hali, ko da bai san sunansa ba.

Labarin mutum guda ba ya zama hujja, komai ƙarfinsa. Hujjar ta zo daga wani wuri. A jami'ar Washinton da ke birnin Sen Luwis na Amurka, an yi shekaru ana bin tsofaffi waɗanda suka shiga bincike da hankalinsu garau, ana yi musu gwaji lokaci bayan lokaci. A 2009 David Johnson da abokan aikinsa suka fitar da abin da suka gani cikin mutum 444, waɗanda 134 daga cikinsu suka kamu da ruɗewa daga baya. Da suka koma baya suka bi sawun makinsu, sai suka tarar makin awon ido ne ya fara karyewa, shekara 3 kafin likita ya iya cewa ga cuta. Jimillar makin hankali ta biyo baya ana saura shekara 2, tunawa da kalmomi kuwa sai da ya rage shekara 1. Lissafin taro ne, ba ya nufin kowane mutum haka tasa za ta zo. Amma ya isa ya nuna cewa wanda ya kafa ido ga mantuwa kaɗai yana iya makara da shekara biyu.

Dalilin yana cikin yadda cutar take yaɗuwa. Alzheimer tana tara wasu gurɓatattun sinadarai iri biyu a ƙwaƙwalwa, guda tsakanin ƙwayoyin jijiya, guda a cikinsu. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak, miji da mata masana a Jamus, sun nuna cewa na cikin ƙwayoyin yakan fara taruwa a wani ɗan yanki can ƙurya, daura da kunne, a bakin ƙofar sashen da ake kira hifokamfus. To, a hifokamfus ɗin ne John O'Keefe ya gano a 1971 wasu ƙwayoyi da ke motsawa duk lokacin da ɓera ya iso wani wuri takamaimai, kamar kowace ƙwaya da gurbin da take gadi. A 2005 kuma May-Britt Moser da Edvard Moser na ƙasar Norwe suka gano, a wancan yanki na bakin ƙofa, wasu ƙwayoyin da ke rarraba fili gida-gida kamar ramukan dara, da su dabba ke ƙiyasta tafiyar da ta yi da inda ta dosa. Su uku suka raba kyautar Nobel a 2014. Ke nan ɗakin da ake ajiye taswira da ɗakin da ake ajiye abin da ya faru jiya, bango guda suka haɗa, gobara kuma daga tsakaninsu take tashi. Shi ya sa ɓata hanya kan zo da wuri. Wani wasa na wayar hannu mai suna Sea Hero Quest, da aka fitar a 2016 don auna gwanintar gane hanya, wanda mutum fiye da miliyan 4 suka buga, ya ƙara nuna cewa masu ɗauke da wani nau'in gado da ke ƙara haɗarin cutar sun fi kewaye-kewaye kafin su isa inda aka aike su, alhali gwajin tunawa bai nuna komai a kansu ba.

Akwai kuma wata fuskar cutar wadda daga ƙeya take farawa, ta cinye hanyoyin gani ta bar tunawa da magana har wani lokaci. Likita Frank Benson ya bayyana ta a 1988. Marubucin nan na Ingila, Terry Pratchett, ita ta kama shi. Ya sanar da duniya a Disamba 2007 yana da shekara 59, bayan da farko an zaci ƙaramar shanyewar jiki ce. Bugun rubutu a kwamfuta ya gagare shi, haruffa suna ɓace masa, amma labari bai ƙare a kansa ba: ya ci gaba da faɗa ana rubuta masa, littattafai suna fita, har rasuwarsa a 2015. Wani babban bincike da aka buga a 2024, a kan mutum 1,092 daga ƙasashe 16, ya tarar alamun sukan soma wajen shekara 59, mata sun ɗan fi yawa, kuma cikin waɗanda aka duba ƙwaƙwalwarsu bayan mutuwa, kashi 94 cikin 100 Alzheimer ce. Masu wannan ciwo sukan yi shekaru suna zarya wurin likitan ido, ana sauya musu tabarau. Suna karatu layi ya kuɓuce musu. Abin mamaki, wani lokaci ƙananan haruffa sun fi musu sauƙi bisa manyan kanun jarida, domin ido ya kasa tattara babban abu wuri guda. Su ga cokali su ga kwano, amma su kasa ganin teburin gaba ɗaya.

Ta uku ita ce ruɗewar da ake dangantawa da sunan likita Friedrich Lewy. A cikinta ma awon ido yakan faɗi tun da fari, tare da wasu alamu: yau mutum garau gobe a ruɗe, jiki ya yi nauyi tafiya ta zama ja da ƙafa, ya riƙa faɗa da duka cikin barci, sannan ya ga mutane ko yara ko dabbobi a ɗaki, ƙuru-ƙuru, waɗanda ba kowa ke ganinsu ba. Mai karatu ya san fassarar da za a yi wa wannan a unguwa. Amma ko an kai gidan likita akwai tarko, domin wasu magungunan da ake ba masu taɓin hankali, irin su halofiridol, suna iya yi wa mai wannan ciwo mummunar illa, har ta kai ga rai. A nan bambance ciwo da ciwo magana ce ta mutuwa da rayuwa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ke fama da ruɗewa a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Ƙasar Hausa tana cikin wannan lissafi, kuma tana da nata labulen da ke rufe alamun farko. Labule na ɗaya shi ne ciwon ido na gaskiya: yanar ido, da hawan jinin ido, da amosani, sun yi yawa tsakanin tsofaffi har duk wanda ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa sai a ce ido ne, kuma sau da yawa idon ne. Na biyu shi ne ladabi. Tsoho ba ya rasa mai yi masa: jika ya riƙe buta, ɗiya ta zura zare a allura, yaro ya ja gaba zuwa masallaci. Wannan kyakkyawar al'ada ce, ba mai son a taɓa ta, amma tana ɗauke wa mutum ayyukan da za su tona ciwonsa, sai ranar da ya fita shi kaɗai. Na uku shi ne kunya. Wa zai buɗe baki ya ce liman ya karkace daga alƙibla a masallacin da ya yi shekara talatin yana jan salla, ko inna ta sa hannu a wuyan riga tana neman hannun riga? A kan yi shiru, ko a yi dariya a ɓoye. Idan kuwa tsohuwa ce marar gata, aka tsince ta da dare a zauren maƙwabta tana laluben ƙofar da ta ɗauka tata ce, maganar da za ta biyo baya tana iya zama ta maita, kuma kowa ya san abin da wannan kalma kan jawo wa mace.

Sai batun gwaji. Likitocin Turai suna da hanyoyi masu sauƙi na auna awon ido: a ce wa mutum ya zana agogo, ya jera lambobi, ya sa hannuwa a ƙarfe 11 da minti 10, ko ya kwaikwayi siffofi biyu masu kusurwa biyar da suka shiga juna, kamar yadda yake a gwajin Folstein na 1975. Mai ciwo yakan cunkushe lambobin a gefe guda, ko ya bar siffofin a rabe. Sai dai gwajin yana ɗauka cewa wanda ke zaune gaban likita ya saba da fensir da takarda da agogon bango. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, wadda lokacinta hantsi ne da azahar da la'asar, za ta faɗi wannan jarrabawa da lafiyarta ƙalau, ko ma ta ture takardar ta ce ita ba yarinya ba ce. Alhali ita ce mai saƙa faifai da zane mai kusurwa wanda likitan ba zai iya kwaikwaya ba. Masu bincike a Ibadan, waɗanda suka yi shekaru suna aiki tare da na Indiyanafolis a kan tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen Amurka, sun ci karo da wannan matsala. A 2005 Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa suka bayyana mafitarsu: tsinken ashana huɗu. Mai gwaji ya jera su su ba da wata siffa, murabba'i ko mai kama da manjagara, ya ce wa tsoho ya jera kamarta, ana lura har da inda kan kowane tsinke ya fuskanta. Tsofaffi sun fi karɓar wannan bisa zane, kuma ya fi bambance mai ciwo da mai lafiya a cikin waɗanda ba su yi boko ba. Kwalin ashana guda ya wadatar da gidan likitan ƙauye.

Duk da haka, gwajin da ya fi kowane kaifi shi ne aikin da mutum ya ƙware a kai, mai dubawa kuma shi ne wanda ya san aikin tun yana da kyau. Likita yana ganin tsoho rana guda. Bai san yadda layin shukarsa yake shekara goma da suka wuce ba. Ɗansa ya sani. Almajiri ya san ranar da layukan malam suka fara hawan juna bisa allo. Malaman lakwal sun fi kowa wannan ido, su da suka saba gane yaron da rubutunsa ke sauka daga layin kaye tun daga bakin ƙofar aji. Idon nan yana aiki a gida, yana aiki kan tsohon abokin aiki da ya soma rasa ginshiƙin lambobi in yana tara maki. Abin lura shi ne sauyi. Wanda tun yana yaro ba ya gane hanya, halittarsa ce. Wanda ya yi shekara arba'in yana ratsa lungunan Birni a Damagaram ko da duhu, yau ya tsaya a mararraba yana waige-waige, kuma abin ya maimaitu, kuma yana ƙaruwa wata bayan wata, wannan magana ce ta likita.

Mai karatu yana iya tambaya, mene ne amfanin sani da wuri tunda ciwon ba ya warkewa? Tambaya ce mai nauyi. Magungunan da aka daɗe da su, irin su donefezil, sauƙi kawai suke kawowa na wani lokaci. Sababbin da Amurka ta amince da su a 2023 da 2024 suna rage saurin cutar kaɗan, ga tsada, ga buƙatar na'urorin hoton ƙwaƙwalwa don tsaron illarsu. Amma ba kowace ruɗewa ce Alzheimer ba. Ƙananan shanyewar jiki da hawan jini ke jawowa, da ciwon suga, da ƙarancin wasu sinadaran abinci, da raunin ƙullin wuya mai jawo maƙoƙo, da baƙin ciki mai tsanani, da haɗa magunguna barkatai, duk suna iya kama da ita, kuma da dama cikinsu ana iya tare su ko a gyara. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya sauyawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na ruɗewa a duniya, cikinsu har da hawan jini, da taba, da rashin ji, da raunin gani da ba a yi wa magani ba. Saboda haka zuwa wurin likitan ido ba asara ba ce. Kuskuren shi ne a tsaya nan in ya ce ido lafiya lau, ko in an cire yana amma hannu bai bar kuskuren kofi ba.

Sannan akwai abin da ya fi magani gaggawa. Mutumin da awon idonsa ya raunana amma bakinsa da tunaninsa suna nan, yana da sauran lokacin da zai faɗi bashin da ake bin sa da wanda yake bi, ya nuna iyakar gonarsa gaban shaidu, ya mai da amanar da aka ba shi, ya yi wasiyya da kansa. Yana da haƙƙin a zauna da shi a yi maganar moto ko mota tun bai kaɗe ɗan wani ba, domin ƙiyasta nisan abin da ke tahowa yana cikin abin da ke fara tafiya. Gidan ma ana iya gyara masa shi: a rufe bakin rijiya, a kange murhu, a bar kowane kaya inda ya saba, a sa fitila a hanyar bayan gida, a shafa wa ƙofar ɗakinsa launin da ya bambanta da bango, a sa masa takarda mai sunan unguwa da lambar waya cikin aljihu. In ana nuna masa abu, «ga shi can» ba ta da amfani gare shi. Sai a kama hannunsa a ɗora a kai.

Har cin abinci yana da nasa gyara. Mai wannan ciwo yakan bar abinci a kwano don bai rarrabe shi da kwanon ba, iyali su ce ya ƙi ci. A wani ƙaramin bincike da aka yi a Boston, aka buga a 2004, an sauya wa maza tara masu Alzheimer mai nisa fararen faranti da kofuna da jajaye masu haske. Abincin da suke ci ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100, abin shan kuma fiye da haka nesa. Farar fura cikin farin kwanon roba bisa farar leda tana ɓacewa a irin wannan ido. Farin tuwo cikin baƙin akushi, irin na gidajen da, ba ya ɓacewa.